Wasan Kwaikwayo Don Ilimi Da Gyaran Al'umma A Sakkwato: Tambayoyi Da Amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da malaman makaranta, shugabannin ƙungiyoyin matasa da ma'aikatan lafiya suka fi yi idan suna son amfani da wasan kwaikwayo wajen ilmantar da jama'a a cikin garin Sakkwato da ƙauyukanta.

Mene ne bambancin wannan da diramar da muka saba gani a talabijin?

Diramar talabijin an gama ta kafin ta iso gare ka. Naka kallo ne kawai. Wannan kuwa ba ta kammala sai 'yan kallo sun sa baki. Labarin daga bakin mutanen wurin ake samo shi, a ɗinka shi, a mayar musu a dandalinsu, a tsaya daidai inda magana ta cije, a tambaye su yadda za a yi. Wasan kansa ba ya wuce kashi ɗaya cikin uku na aikin. Sauran biyun su ne sauraron da aka yi kafin wasa da bibiyar da za a yi bayansa. Ƙungiyar da ta sauka daga mota, ta yi wasa, aka tafa, ta koma mota, nishaɗi ta kai wa mutane, kuma nishaɗi ba laifi ba ne, sai dai kada ta ce ta yi aikin gyara.

Wannan ba baƙon abu ba ne da aka kawo mana daga waje?

Wani ɓangarensa daga waje ya zo, amma tushensa muna da shi tun da daɗewa. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san tashe, wanda yara ke farawa idan azumi ya kai kwana goma. A cikin Jatau Mai Magani da Mairama Da Daudu da Tsoho Da Gemu akwai kwaikwayo, akwai dariya, akwai kuma hannunka-mai-sanda. A wasan gauta matan fada ne ke kwaikwayon sarki da fadawansa a gaban idonsu. A kalankuwa samari ke naɗa nasu shugabannin da alƙalai bayan an kawar da amfanin gona. 'Yan kama kuma sun daɗe suna faɗar gaskiya a cikin raha.

A nan gida, Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta tura jajoji, wato mata malamai masu yawo, zuwa ƙauyuka ɗauke da waƙoƙin da suka haddace, suna karantar da mata a tsarin da ake kira 'yan taru. Wannan ba wasan kwaikwayo ba ne, amma dabarar ɗaya ce: a kai ilimi inda mutane suke, da harshensu, ta bakin wanda suka yarda da shi. Wasan Marafa na Abubakar Tunau, wanda ya fito cikin shekarun 1940, kan tsafta da kiwon lafiya ya tsaya.

Tsarin zamani na wannan aiki a Najeriya ya yi ƙarfi ne a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, inda aka fara koyar da wasan kwaikwayo a 1975 ƙarƙashin Michael Etherton. Ɗalibai sun riƙa shiga Samaru da ƙauyuka irin su Bomo da Maska. Darasin da aka koya a can shi ne cewa kai wa manoma wasan da aka shirya a jami'a bai kai a zauna da su a shirya tare ba. Dabarar tsayar da wasa a kira ɗan kallo ya shigo fage kuwa, Augusto Boal ɗan ƙasar Barazil ne ya inganta ta a farkon shekarun 1970.

Daga ina ake farawa?

Daga ƙofar masu gari. A je wurin uban ƙasa ko hakimi, sannan mai unguwa, sannan limami. Kada a aika takarda kawai, a je da ƙafa, a tafi da wani ɗan garin da ake ganin girmansa. A faɗi gaskiyar abin da ya kawo ku, da wanda ya ɗauki nauyi in akwai. Abin da aka ɓoye ranar farko shi ke rusa aiki a rana ta biyar.

Bayan izini sai sauraro, kuma nan ne mafi yawan ƙungiyoyi ke gaggawa. A ware kwana uku zuwa biyar. A rabu biyu-biyu: samari su zauna majalisa, wurin mai shayi, tashar 'yan kabu-kabu, bakin kasuwa, fadama wurin masu noman albasa, 'yan mata su shiga gidaje, su je bakin rijiya ko famfo da wurin injin niƙa. Ba a zuwa da takardar tambayoyi a hannu, domin da zarar mutum ya ga biro da takarda sai ya ɗauka rabon tallafi ne, ya fara faɗar abin da yake zaton ana son ji. Hira ake yi, a taya aiki in ya samu, a rubuta bayan an koma masauki.

Kada a tambayi mutum, “Me ya sa ba ku kai yara asibiti?” Wannan tuhuma ce. A ce, “Inna, ranar da yaro ya kwana da zazzaɓi, me ake fara yi?” Daga nan za a ji jerin abubuwa: wa ke da ikon cewa a fita, kuɗin mota nawa ne, wa ke riƙe da kuɗin, yaya ma'aikacin asibiti ya karɓe su wancan karon. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kowane dare a haɗu awa ɗaya a zube abin da aka ji. Abin da ya fito daga baki uku ko huɗu da ba su haɗu da juna ba, shi ne abin riƙewa. A kuma rubuta kalmomin mutane yadda suka faɗe su, da karin maganarsu da zaurancensu, domin da su za a gina zancen wasa.

Yaya ake mayar da abin da aka ji ya zama wasa?

A zaɓi matsala guda ɗaya. Wasan da ya ɗauko auren wuri da shaye-shaye da rigakafi da bara a cikin minti ashirin bai taɓa ko ɗaya ba. A zaɓi wadda mutanen wurin ke da ikon yin wani abu a kanta da hannunsu.

Sai a nemo mutum ɗaya da matsalar ta faɗa wa, a ba shi abin da yake so ƙwarai, a sa wani abu ya tare masa hanya. Ga misali. Mace ce da jariri, mijinta ya tafi ci-rani bayan kaka, ya bar gidan a hannun wansa. Yaro ya kwana biyu yana gudawa. Ta tsaya bakin zaure, ta rage murya ta ce, “Yaya, yaron ga jikinai ya yi zahi, ko nono bai kamawa.” Shi kuma yana gyara igiyar akuya, bai ɗago kai ba, ya ce, “Ki jiƙa mai sassaƙe mu ga gobe. Mai gidanki na Ikko, ni ba ni iya ba ki iznin hita.” Ta koma ciki. Uwar miji ta ce haƙori ne, kowane yaro yana yi. Maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta ce a kai shi asibiti, amma ita ma ba ta da ko sisi. Dare ya yi, kukan yaro ya fara raguwa, kuma duk uwar da ke wurin ta san raguwar kuka ba sauƙi ba ne. A nan ake tsayawa.

Ku lura, babu mugu a wannan labari. Wan miji yana tsoron ya wuce gona da iri a gidan ƙaninsa, uwar miji tana faɗar abin da ta gada. Idan aka mayar da ɗayansu azzalumi ko wawa, duk mai irin halinsa a cikin 'yan kallo zai ce ba da shi ake ba. Idan kuwa aka ba shi hujjarsa cikakkiya, zai ga kansa, kuma shi ne zai fara magana.

Ba a rubuta wasan kalma bayan kalma. A tsara fitowa huɗu zuwa shida, a rubuta a takarda ɗaya wa zai shigo, me yake so, da me fitowar za ta ƙare. Sauran 'yan wasa su ƙirƙira a wurin gwaji har zance ya zauna. A yi shi da Sakkwatanci in a ƙasar Sakkwato za a nuna. Ɗan wasan da ya ari Hausar fim ya ce “mene ne” inda kowa ke cewa “mi na na” ya riga ya gaya wa jama'a cewa labarin ba nasu ba ne. Inda Fulani ko Zabarmawa suka fi yawa, a sa mai jin harshen a cikin 'yan wasa.

Mutum nawa ake bukata, kuma gwaji na kwana nawa?

Takwas zuwa goma sha biyu sun isa: 'yan wasa biyar ko shida, jagoran fage ɗaya, mai kiɗa ko mai waƙa in wurin ya yarda da haka, mutum biyu masu rubuta abin da 'yan kallo suka faɗa, da mai kula da yara da tsarin zama. Gwaji awa biyu a rana na kwana biyar zuwa bakwai. Wasan kada ya wuce minti ashirin zuwa ashirin da biyar, tattaunawa ta ci minti arba'in ko fiye. Kafin a fita fili a nuna wa mutum biyar ko shida na garin a cikin zaure, a tambaye su inda aka yi ƙarya. Za su faɗa.

Shi jagoran fage mene ne aikinsa?

Shi ne ginshiƙin ranar, kuma shi ya fi wuyar samu. Yana buɗe taro da sallama da gaishe da manya, ya faɗi ƙa'ida, ya tsayar da wasa a inda aka shirya, ya juya ga jama'a. Tambayarsa ta farko ita ce, “Jama'a, irin wannan yana faruwa a nan?” In aka ce a'a, kada ya yi gardama, ya tambayi yadda yake faruwa, 'yan wasa su gyara nan take. Sannan ya tambayi inda abin ya fara lalacewa, da wanda ke da damar canza shi.

Idan wani ya ce, “Ai da ni ne da na yi kaza,” sai jagora ya ce, “Bismilla, Baba, zo ka nuna muna.” A miƙa masa hular ɗan wasan ko a yafa wa mace gyalen, a maimaita fitowar da shi a ciki. Sauran 'yan wasa kada su sakar masa hanya da sauƙi. Wan miji ya ci gaba da riƙe hujjarsa yadda mutum na gaske zai riƙe, domin shawarar da ta yi nasara a fage cikin minti ɗaya ba za ta yi aiki a gida ba. A gwada shawara uku ko huɗu. Wani zai ce a kira mijin a waya, sai a tambaya in babu sabis fa. Wata za ta ce mazan da za su ci-rani su riƙa barin izini da kuɗin asibiti kafin su tafi, a gaban liman. Irin wannan shawara, wadda ta fito daga bakin 'yar gari, ita ake nema.

Kurakuran jagora sanannu ne. Yana amsa tambayar da ya yi da kansa. Yana barin mutum biyu masu baki su cinye taro. Yana mantawa da ɓangaren mata. Yana tsoron shiru, alhali shirun daƙiƙa goma bayan tambaya mai nauyi alama ce cewa ta shiga. Mafi muni shi ne ya rufe taro da wa'azin abin da ƙungiya ta riga ta yanke tun daga gida, domin daga ranar jama'a sun gane tambayar da aka yi musu ta baka ce kawai.

Wane lokaci da wane wuri suka fi dacewa?

Bayan la'asar, a tashi kafin kiran magariba. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafin Sakkwato yana wuce digiri 40, don haka ba a tara mutane da hantsi ko azahar. Da damina mutane suna gona. Bayan kaka an fi samun sukuni, amma a yi sauri, domin da an gama girbi samari da magidanta da yawa suke tafiya ci-rani. Da hunturu ƙura tana kama murya, a tanadi ruwan ɗumi.

A yi da'ira mai faɗin taku goma, a shata ta da toka. Yara a tabarma a gaba, dattawa a benci rana tana bayansu, mata a ɓangarensu inda za su ji kuma a ji su. Kada a yi dandamali mai tsawo, yana hana ɗan kallo shigowa. Murya zalla tana isa mutum kamar ɗari biyu in 'yan wasa sun koyi juyawa suna ba kowane ɓangare fuska. In taro ya fi haka a nemi lasifika mai batir. In dole sai janareta, a kai shi nesa da doguwar waya, in ba haka ba ƙararsa za ta cinye zancen. Ranar kasuwa tana tara jama'a amma ba ta ba da tattaunawa, kowa hankalinsa yana kan cinikinsa.

Malamai da iyaye ba za su hana ba? Yaya batun 'yan mata?

Abin da ake ƙi yawanci cakuɗuwa ne da kiɗa da rawa da shigar banza, ba isar da saƙo ba. A cire waɗannan, a gayyaci liman ya ga gwaji tun kafin ranar. Kada ɗan wasa ya jawo aya ko hadisi da ka. In magana ta kai ga hukuncin addini, jagora ya miƙa ta ga malamin da ke zaune a wurin. Kada a kwaikwayi malami ko basarake ta hanyar da za a yi masa dariya, kuma ba a taɓa juna tsakanin namiji da mace a fage ko da a matsayin mata da miji suka fito.

Inda ba a yarda mace ta fito gaban maza ba, a yi wasa biyu: na maza a dandali, na mata zalla a cikin babban gida ko makarantar Islamiyya, 'yan mata su taka kowane matsayi har na maza. Sau da yawa na cikin gida ya fi fitar da gaskiya, musamman kan haihuwa, yoyon fitsari da zaman aure. Sa namiji ya ɗaura zane ya fito a mace kuwa yana jawo dariyar da ke kashe maganar, wasu wuraren ma yana jawo fushi.

Akwai abin kiyayewa idan yara ne 'yan wasan?

Akwai, kuma ba abin sassauci ba ne. A nemi yardar iyaye baki da baki. Kada a sa yaro ya taka abin da ya faru da shi a zahiri: yarinyar da aka cire daga makaranta ba ita za ta fito a wadda aka cire ba, almajiri ba shi zai fito yana bara ana dariya ba. A canza sunaye da siffofi yadda ba wanda zai ce gidan wane ake nufi, domin a ƙauye kowa ya san kowa. Duka da fyaɗe ba a nuna su, ana nuna abin da ya biyo baya. Babban mutum ɗaya kada ya keɓe da yaro a wurin gwaji, a gama kafin duhu, a raka 'yan mata gida. In yaro ya faɗi wani abin cutarwa da ake yi masa, wannan ba kayan wasa ba ne, magana ce ta shugaban makaranta da jami'an jin daɗin jama'a.

Malami zai iya amfani da shi a aji ba tare da kulob ɗin dirama ba?

Ƙwarai, ko a darasi mai minti arba'in. Hanya mafi sauƙi ita ce hoton daskare: yara biyar su tsaya cak su nuna wani yanayi da jikinsu, misali layin ɗiban ruwa da faɗa ya ɓarke, sauran aji su faɗi abin da suka gani, malami ya dafa kafaɗar kowane ya faɗi abin da ke ransa da jimla ɗaya. Wata hanyar ita ce kujerar tambaya: ɗalibi ya zauna a matsayin majemi ko manomin da ambaliyar 2010 ta cinye wa gona a Goronyo, aji su yi masa tambayoyi. A aji mai yara tamanin a raba su rukuni takwas, kowane ya samu minti biyu. Minti goma na ƙarshe na rubutu ne, in ba haka ba darasin zai tsaya a wasa.

Me ya sa wani lokaci ake dariya sosai amma ba a riƙe komai ba?

Saboda ɗan barkwanci ya fi saƙon ƙarfi. Da ya ji an yi shewa sai ya ƙara, fitowar minti uku ta koma goma. Dariya tana da amfani a farko, tana tara mutane tana sakin jiki, amma a rage ta yayin da labari ke tsananta. Kuma a kula da wanda aka ba raha: in mai ƙin rigakafi shi ne ya fi kowa ban dariya, maganarsa yara za su riƙa maimaitawa a unguwa washegari.

Wani abin da ke ɓata aiki shi ne kuskuren bayani. In wasa ya taɓa lafiya, ma'aikacin lafiya ya duba kowace kalma. Ruwan gishiri da sukari, alal misali, ma'auninsa lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ɗan wasan da ya juya ma'aunin a gaban mutum ɗari uku ya yi ɓarnar da wasa goma ba za su gyara ba.

Idan wata ƙungiya ko ɗan siyasa ya ce zai ɗauki nauyi fa?

A tambayi abin da yake so a faɗa kafin a karɓi kuɗi. Mai ɗaukar nauyi yakan zo da saƙonsa a rubuce, jama'a kuma damuwarsu dabam: an zo da maganar gidan sauro, su kuwa rijiyarsu ce ta ƙafe. A nemi a ba damuwar mutane wuri a cikin wasan, in an ƙi, ku sani talla kuke yi. Hula ko riga mai alamar jam'iyya ba ta shiga fage. Raba kuɗi ko sabulu ga 'yan kallo kuma yana sa gobe ba mai zuwa sai an raba.

A kuma san cewa wannan aiki yana iya taɓa masu iko. A Kamiriithu ta ƙasar Kenya, wasan da manoma da ma'aikata suka shirya da harshensu a 1977 gwamnati ta hana shi, aka tsare ɗaya daga cikin marubutan wasan mai suna Ngugi wa Thiong'o kusan shekara guda. A yi magana kan hali da tsari, a bar kama suna. A yankunan da ke fama da matsalar tsaro, musamman gabashin jihar, ba a tara jama'a sai da shawarar masu gari da jami'an tsaro, kuma ba a sa 'yan gari su faɗi abin da zai jefa su cikin haɗari bayan baƙi sun tafi.

Ta yaya za a san ko wasan ya yi amfani?

Yawan 'yan kallo da tafi ba ma'auni ba ne. Kafin a watse, a karanta wa jama'a shawarwarin da aka rubuta, su zaɓi ɗaya ko biyu, a san wa zai yi me, kuma yaushe. A koma bayan mako biyu, sannan bayan mako shida, sannan bayan wata uku. In batun makaranta ne a duba rajistar aji kafin wasa da bayansa, in na asibiti ne a nemi ma'aikacin ya duba littafin masu zuwa awo. A tambayi mutum goma da ba su halarta ba ko sun ji labarin, da abin da aka ce musu, domin ta nan ake gane saƙon da ya yi tafiya da wanda ya karkace a hanya.

Wasa ba ya haƙa rijiya, ba ya kawo malami ko magani. In an zaburar da mata su je awo suka tarar da asibiti a rufe, karo na gaba ba za su saurare ku ba. Shi ya sa tun ranar neman izini ake gayyatar wanda ke da ikon biyan bukatar, shugaban asibitin yankin ko sakataren ilimi na ƙaramar hukuma ko kansila, ya zauna a benci ya ji da kunnensa.

Za a iya ɗauka a waya a watsa a WhatsApp da Facebook, ko a kai gidan rediyo?

Wasan za a iya ɗauka, in 'yan wasa da iyayen yara sun yarda. Tattaunawar kuwa a bar ta, ko a nemi izinin duk wanda ya yi magana, domin matar da ta faɗi damuwarta a gaban 'yan garinsu ba ta yarda duniya ta ji ba, kuma da an ɗaga waya mutane suke fara tauna magana. Don rediyo, kamar Rima Radio, sai an sake gina wasan: a rage 'yan wasa zuwa huɗu masu muryoyi mabambanta, a riƙa kiran suna a cikin zance don mai sauraro ya san wa ke magana, a tsaya a wurin da aka saba tsayawa, a buɗe layin waya. Bidiyon da za a tura a waya kada ya wuce minti uku, a ɗauke shi kusa da bakin masu magana kuma a bayan iska, a rage nauyinsa yadda zai sauka ko a inda sabis ba shi da ƙarfi.